Carbin Baba Ilu: Daga Jos Zuwa Madabo a Kan Ƙyaure

TALATA: MADABO ZUWA JOS

Ranar Talata ce a ƙarshen damina, ƙarfe shida saura minti ashirin na safe, muka tashi daga bakin titin da ya fi kusa da gidanmu a Madabo, cikin birnin Kano. Mu biyu ne a cikin motar, ni da Baba Ilu direba, mutumin Yakasai. Kayanmu kuwa ƙyaure ne guda, na ɗakin marigayi mahaifinmu, wanda muka cire bayan sallar asuba muka shimfiɗa a bayan mota, sai wata katifa marar kauri da igiya.

Dalilin tafiyar shi ne yayana Habu. Ya fi shekara ashirin yana saro dankalin Turawa daga Jos. Mako uku kafin wannan rana ya faɗo daga saman lodi, ƙashin bayansa ya tsage daidai ƙugu. Aka yi masa aiki a wani asibiti a can, aka sa masa ƙarafa. Da likita ya yarda a dawo da shi gida sai ya kafa sharaɗi biyu: ya zo a kwance a kan abu mai tauri, kuma kada jikinsa ya fizgu a hanya. Idan ƙashin ya goce ya taɓa laka, ƙafafun sun tafi ke nan.

Akwai motar asibiti, Yaya Habu ne ya ce ba zai shiga ba. Inna, mahaifiyarmu, ta haura tamanin, tana da hawan jini, kuma abin da aka gaya mata shi ne ya ɗan bugu. A unguwarmu idan farar mota mai jiniya ta tsaya a bakin lungu kowa ya san abin da ta saba kawowa, kuma labarin zai riga mu isa ɗakin Inna. Shi ya sa muka nemi Baba Ilu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa tankar mai tsakanin Kudu da Kano. Da girma ya zo ya koma ƙaramar bas, yana kai mata biki. Tun ranar Litinin ya cire kujerun baya, ya bar guda ɗaya don mai jinya.

Muna fita ta Ƙofar Nassarawa na faɗa masa abin da ke raina. Na ce gobe idan mun ɗauko Yaya ina roƙonsa kada ya wuce kilomita talatin a awa. Ya tambaye ni nisan hanyar, na ce kimanin kilomita ɗari uku. Ya ce awa goma ke nan ban da tsayawa, da mutum mai sabon ɗinki a kwance, kuma duk babbar motar da ta zo bayanmu sai mun sauka mata gefen titi, inda ramukan suke.

"Malam Nasiru, gudu ba ya taɓa marar lafiya," ya ce. "Bar kallon maleji. Ga abin da za ka riƙa kallo."

Ya nuna carbin da ke rataye a madubin gaba. Baƙi ne, na itace, da ɗan tuntu a ƙasansa, irin wanda ke lilo a rabin motocin Kano. A da na ɗauka neman tsari ne kawai.

Bayan Kura hanya ta buɗe, ya taka totur. Tuntun carbin ya karkato baya, wajenmu, kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya a haka muddin allurar maleji tana hawa. Da allurar ta zauna a kan tamanin sai ya koma daidai tsakiya, ya miƙe sak kamar motar tana ajiye a ƙofar gida. Na duba waje, gonakin dawa suna wucewa ba ka iya ƙirga su. Na duba ciki, carbi a tsaye. Baba Ilu ya ce in zuba shayi daga filas in gani. Na zuba, ya sauka a tsakiyar kofi, ko ɗigo bai kauce ba.

Na yi shekaru ina karanta labaran haɗarin mota a rediyo, kusan kullum da jimla ɗaya, wato gudun wuce sa'a. Ban taɓa tambayar kaina abin da gudun da kansa yake yi wa jikin mutum ba. A wannan safiya na ga cewa idan gudun bai canza ba, jiki bai ma san ana yin sa ba. Abin da jiki yake ji abu uku ne: ƙaruwar gudu, raguwarsa, da karya kwana. Carbin yana nuna duka ukun. Ya yi baya an ƙara, ya yi gaba an rage, ya yi gefe an karya.

Mun wuce Kwanar Dangora bakwai saura biyar, muka tsaya Tudun Wada takwas saura kwata muka sha koko da ƙosai. A nan ya ba ni labarin inda ya samo wannan karatu. Ya ce tanka cike fal ba ta da wuya, rabin tanka ita ce makaranta. Ka taka birki mota ta tsaya, amma man da ke ciki bai ji labari ba, yana nan tafe. Sai ya zo ya daki kan tankin, motar da ka riga ka tsayar ta ƙara taku biyu gaba. Idan akwai mutum a cikin taku biyun nan, shi ke nan. Maigidansa da ya koya masa tuƙi shi ya fara rataya masa carbi, kuma duk lokacin da tuntun ya wuce yatsa biyu sai ya cire hula ya maka masa a ƙeya. Ya ce ya sha hula ta fi ɗari kafin ƙafarsa ta gane.

Muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka goma da minti goma, muka shiga Jos sha biyu da 'yan mintuna. Garin da sanyi kamar kullum.

Yaya Habu ya rame, amma bakinsa yana nan. Matarsa Rabi, wadda ta yi makon ukun tana jinyarsa, ta leƙa mota ta ga abin da muka zo da shi.

"Mai labarai, ashe a buɗe ka baro mana gidan," ta ce. "Da ka haɗo da katangar."

Likitan ya duba ƙyauren, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce ya yi. Sannan ya koya mana gwaji ɗaya. Duk inda muka tsaya mu yaye mayafi mu ce wa Yaya ya motsa manyan yatsun ƙafarsa biyu. Idan sun motsa mu ci gaba. Idan ɗaya ya ƙi, ko ya ce ba ya jin taɓawa, kada mu ƙara ko taku ɗaya sai asibiti mafi kusa. Da yamma Baba Ilu ya kai ƙyauren wurin kafinta aka huda masa rami huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Muka kwana gidan mai masaukin Yaya, wani dillalin dankali, wanda ya ba mu tuwon acca da bargo biyu-biyu.

LARABA: JOS ZUWA SAMINAKA

Ɗaurin kaya ya ci minti arba'in. Ma'aikatan asibiti huɗu suka ɗora Yaya a kan ƙyaure suka zura shi cikin mota. Baba Ilu ya zarga igiya ta ramukan nan huɗu ya ɗaure ƙyauren da ƙarafan da kujeru suke zama a kai. Sannan ya ce Rabi ta ba shi zannuwa uku. Ya ɗaure Yaya da ƙyauren a ƙirji, a ƙugu, da gwiwa.

Na ga fuskar Rabi ta canza. Ta ce a hankali, wannan ɗaurin wuri uku ai irin na, ba ta ƙarasa ba. Baba Ilu ya ce ya sani, shi ya sa ya zaɓi ja da rawaya da mai hoton tsuntsaye, ya bar mata farin.

"Hajiya, duk abin da ba a ɗaure da mota ba, tafiyarsa daban yake yi," ya ce. "In na tsaya shi ba zai tsaya ba."

Haka ya bi kular abinci, filas, buta, da jakar magani, kowanne ya ɗaure ko ya danne shi tsakanin buhunan dankali biyu da mai masauki ya ba mu. Ya sa ni na ɗaura bel, Rabi ma ya sa ta, ta ce tun da take ba ta taɓa ɗaurawa ba. Yaya ya motsa yatsunsa biyu, muka yi addu'a, muka tashi takwas saura kwata.

Daga Jos hanya gangara ce, kwana bayan kwana. Baba Ilu ya sa ƙaramin giya ya bar inji yana riƙe motar, ƙafarsa tana kusa da birki amma ba ta kai ba. Kafin kowace kwana yake gama rage gudunsa, tun hanya tana miƙe, sai ya shiga a hankali ya fito a hankali. Tuntun ya yi hagu yatsa ɗaya, ya dawo, ya yi dama yatsa ɗaya, ya dawo. Yaya ya ce daga baya shi da idonsa a rufin mota bai san mun fara gangarar ba sai da kunnensa ya toshe.

Aikin rediyo ya bar mini ɗabi'ar duba agogo, don haka na fara ƙirga. Daga tsaye zuwa tamanin yana ɗaukar sama da daƙiƙa hamsin. A garuruwan hanya, inda ake yin tuddai a kan titi don rage gudu, yana ɗage ƙafa daga totur tun ni ban hango rufin kwano ba. Kuma akwai wani abu da yake yi a ƙarshen kowace tsayawa wanda sai da na gani sau uku na gane. Daidai lokacin da motar za ta tsaya cak, maimakon ya ƙara danna birki sai ya sassauta. Wannan ɗan zabura da kowa ya sani, inda kai yake yin gaba ya dawo, babu shi. Sai dai ka ga itacen da ke gefe ya daina tafiya.

A shingen jami'an tsaro na farko ya taho da tamanin, ya tsaya cikin daƙiƙa sha shida. A wani ƙauye bayan Jengre ya taho da arba'in, ya tsaya cikin takwas. Na ce masa to na gane, gudu ninki biyu, tsayawa ninki biyu. Ya ce lokacin ne ninki biyu, filin da mota take ci kafin ta tsaya ninki huɗu ne. Ban yarda ba sai da na juya takardar magani na lissafa. A tamanin mota tana cin mita ashirin da biyu kowace daƙiƙa. Tana raguwa har zuwa sifili cikin sha shida, ta ci kusan mita ɗari da tamanin. A arba'in mita sha ɗaya take ci, cikin takwas ta ci arba'in da huɗu. Ninki huɗu, ba ƙari ba ragi. Na karanta masa. Ya ce shi bai san mita ba, ya dai san inda zai fara ɗage ƙafa.

Rabi ta ce daga baya, mai labarai ya samu abin faɗa a rediyo, direba ya kayar da shi a lissafi. Yaya ya fara dariya, Baba Ilu ya ce a bari sai an sauka, dariya ma girgiza ce.

Mun isa Saminaka goma da rabi. Yatsu biyu suka motsa. Rabi ta ba shi kunu da cokali.

DAJIN FALGORE

Mun shiga dajin sha biyu saura. Sojan da ke shingen farko ya leƙa, ya ga mutum a ɗaure, ya tambaya, muka faɗa masa. Ya yi wa Yaya sannu, ya janye katakon shingen da kansa har ƙarshe don kada mu karkata.

Hanyar dajin tana da wuraren da take miƙewa sosai, kuma a ɗaya daga cikinsu muna kan tamanin sai na ga tuntun ya yi gaba yatsa ɗaya. Na duba titi, babu komai. Babu rami, babu shinge, babu mota. Wata ƙaramar mota da ta daɗe tana bin mu, da kwandunan tumatir a ɗaure a samanta, ta yi mana ham ta wuce da gudun da ya fi namu nesa. Na tambayi Baba Ilu ko lafiya. Ya ɗaga haɓa ya nuna gaba. Can nesa a hannun dama, saman ciyawa, balbelu ne farare suka tashi suka sake sauka.

Na ƙirga daƙiƙa tara kafin saniyar farko ta fito kan titi. Bayanta garke ne guda.

Mai tumatir ya taka birki da duk ƙarfinsa. Muka ji kukan taya, muka ga hayaƙi. Motar ta tsaya saura kaɗan ta taɓa saniyar, amma igiyar sama ta tsinke, kwandunan nan suka ci gaba da tafiyar da suke yi. Na gan su da idona sun bar rufin motar a jere, sun wuce kan bonet, sun sauka a tsakiyar shanu. Titi ya yi ja. Ba wanda ya ji ciwo, direban ya fito ya dafe kai, makiyayin yana ba shi haƙuri yana kora.

Mu kuwa muka iso a hankali muka tsaya bayansa da tazarar mota uku. Daga ɗage ƙafar Baba Ilu zuwa tsayawarmu daƙiƙa ashirin da biyu ne. Tuntun bai kai yatsa biyu ba. Yaya ya tambaya me ya faru aka tsaya, don shi ƙarar kawai ya ji.

Na daɗe ina kallon tumatirin nan. Gudun da muka taho da shi da wanda mai ƙaramar motar ya taho da shi duka sai da aka zubar da su kafin shanun. Shi ya zubar da nasa cikin daƙiƙa uku ko huɗu, mu muka raba namu cikin ashirin da biyu. Bambancin ke nan gaba ɗaya. Na juya na kalli zannuwa ukun da ke jikin Yaya, na kalli Rabi, na ga ita ma kwandunan take kallo. Ba ta sake maganar ɗauri ba har muka fita dajin.

TUDUN WADA ZUWA KANO

Ƙarfe biyu saura ashirin muka tsaya Tudun Wada muka yi azahar. Yatsu suka motsa. Ina zaune bayan sallama a kan tabarmar wani mai shayi sai wani labarin kimiyya da na taɓa fassarawa ya faɗo mini, cewa duniyar nan tana zagaya rana da gudun kusan kilomita talatin a kowace daƙiƙa. A lokacin na karanta shi kamar yadda nake karanta farashin hatsi. Yanzu na lissafa, daga Jos zuwa Kano cikin daƙiƙa goma ke nan. A kan wannan abin hawa muke sujada, muke ɗora tulu a kan tulu, kuma tun da aka halicce ta ba a taɓa taka mata birkin da ya kifar da kofin shayi ba. Na faɗa wa Baba Ilu. Ya ce Subhanallahi, sannan ya ce lallai Mai tuƙin ya iya.

Mun wuce Kwanar Dangora uku da minti biyar, muka iso Na'ibawa huɗu da kwata. Daga nan aikin ya fi na daji wuya. Baba Ilu yana barin fili tsakaninsa da na gaba, duk filin da ya bari sai ɗan adaidaita sahu ya cusa kai ya cike. Shi kuma sai ya sake barin wani. Na baya suna ta ham, wani ya leƙo ya tambaya ko amarya muka ɗauko. Rabi ta ce a gaya masa ango ne. Minti hamsin muka yi daga nan, muka shiga gari, muka bi ta Shahuci, muka tsaya a bakin lungunmu biyar da minti biyar. Yatsu suka motsa. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Baba Ilu ya ce ba a gama ba sai kaya ya sauka.

LUNGUN GIDA

Mota ba ta shiga lungunmu. Daga titi zuwa soron gidanmu taku ɗari da sittin ne, da kwana biyu. Muka samu 'yan dako biyu daga bakin kasuwa, da Sabo tela maƙwabcinmu, ni na huɗu. Rabi ta roƙa a kwance zannuwan ko don idon mutane, ga mutum a kan katako, maza huɗu sun ɗauko, ga ɗauri wuri uku. Baba Ilu ya ce a'a. Yaya ya raba gardamar, ya ce a bar ɗaurin, a yaye masa fuska, shi zai yi ta gaisuwa da ƙarfi har gida don kowa ya ji muryarsa.

Baba Ilu ya ciro carbin daga madubi ya rataya a ramin ƙyauren na gaba, kusa da hannuna. Ya ce mu tashi da ƙafar dama tare, kada wanda ya ƙara sauri, kada wanda ya tsaya sai in shi ya ce. Shi ya tsaya a gefe, tafinsa a kan ƙirjin Yaya. Ni ina gaba ta dama, Sabo ta hagu, 'yan dakon a baya.

An idar da la'asar, dakali ya cika. Yaya yana ta ɗaga murya, sannunku, mun same ku lafiya, ni ne Habu, da raina. Mutane suna miƙewa suna amsawa suna matsawa jikin bango. Tuntun yana lilo kaɗan-kaɗan daidai da takunmu. Muka wuce kwanar farko. Na ƙirga taku ɗari da goma.

A kwana ta biyu Malam Babba yana zaune a kan buzunsa, inda yake zama tun ina yaro. Shi ya koya mana karatu ni da Yaya, shi ya yi wa mahaifinmu salla. Ya kusa casa'in, idonsa ya yi rauni. Ban taɓa wuce shi a tsaye ban durƙusa na gaishe shi ba, kuma ban san wani ɗan unguwar da ya taɓa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Wane ne? Nasiru ne?"

Ban yanke shawarar tsayawa ba. Ƙafafuna ne suka tsaya, gwiwata ta fara lanƙwasa, kamar yadda ta saba shekara hamsin.

Mutum uku suka ci gaba da tafiya. Ƙyauren ya daki kafaɗata, kusurwata ta yi ƙasa, carbin ya yi tsalle ya bugi katako, na ji ƙararsa. Jikin Yaya ya yi gaba, zannuwan suka miƙe suka riƙe shi, tafin Baba Ilu ya danne. Yaya ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, gaisuwar ta yanke.

"Kada wanda ya motsa," Baba Ilu ya ce, bai ɗaga murya ba. "Malam Nasiru, ɗago. A hankali. A hankali na ce."

Na ɗago har ƙyauren ya daidaita. Baba Ilu ya ce mu sauke a ƙasa tare, ya ƙirga mana uku, muka sauke. Rabi ta durƙusa ta yaye mayafin ƙafa. Na ce, Yaya, motsa.

Na dama ya motsa. Na hagu bai motsa ba.

Na duba agogo, don ban san inda zan sa idona ba. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Kilomita ɗari uku mutumin nan ya kawo shi tuntu bai wuce yatsa biyu ba, ni na ɗauke shi taku ɗari da goma. Huɗu, biyar. Rabi ta kama yatsan ta matsa, ta ce kana ji? Ya ce yana ji, ta bari ya numfasa. Shida. A ta bakwai yatsan ya lanƙwasa, ya miƙe, ya sake lanƙwasawa.

Rabi ta zauna daɓas a ƙasa. Baba Ilu ya sa Yaya ya maimaita sau uku, ya taɓa tafin ƙafar da ƙaurin, duk yana ji. Na kira likitan a waya daga nan inda muke, ya yi tambayoyinsa, ya ce mu shigar da shi, gobe a kai shi a ɗauki hoto.

Malam Babba ya tambaya me ya faru, Sabo ya gaya masa. Ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Kai Nasiru, da mutum a kafaɗarka?" ya ce. "Wuce. Na yafe maka gaisuwar yau da ta gobe."

Yaya ya buɗe ido ya ce a canza masa na gaban dama. Rabi ta ce ita ma za ta iya, ai ba ta yi karatu wurin Malam ba. Baba Ilu ya ce ba za a canza ba, wanda ya sha hula sau ɗaya ya fi wanda bai sha ba. Ya gyara carbin, ya ƙirga uku, muka ɗaga. Sauran taku hamsin ɗin mutum huɗu suka gaishe ni, ban amsa wa kowa ba, idona yana kan tuntu.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Tun daga soro Yaya ya fara kiranta. Muka sauke shi a gabanta shida saura ashirin da biyar. Ta shafa fuskarsa, ta shafa zannuwan, ta ce wa ya ɗaure mata ɗa kamar buhu. Sannan ta shafa katakon, ta gane shi, ta ce ashe ubansa ne ya ɗauko shi.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga likitan da ma'aikatansa, da mai masaukinmu na Jos, da Sabo da 'yan dako biyun da ban tambayi sunansu ba, da Rabi. Baba Ilu kuwa ya sha ruwa kofi ɗaya, ya cire carbinsa daga ƙyauren, ya ce zai je ya mayar da kujeru don yana da 'yan biki ranar Juma'a.

Hoton da aka ɗauka washegari ya nuna ƙarafan suna inda aka sa su. Bayan mako bakwai Yaya Habu ya taka da sanda zuwa masallacin unguwa, ya tsaya a kwana ta biyu ya gai da Malam Babba a tsaye. Ƙyauren an mayar da shi ƙofarsa, ramuka huɗun suna nan ba a toshe ba.